Amsoshin tambayoyinku: ɗaga mota don shiga rairayi

Tambayoyin wannan makon duk a kan ɗaga mota suke, kuma ban yi mamaki ba. Da zarar sanyi ya shigo Saudiyya, kowa sai ya fara shirin fita kashta, wato yawon shaƙatawa a sahara, da iyali.

Tambaya daga Riyad: Malam, ina da Prado da na saya na hannu. Ranar Juma'a mukan fita Thumama da yara, kuma cikin motar yakan goga a kan tudun rairayi. Abokaina sun ce in ɗaga ta inci 4. A sina'iyya, unguwar garejoji, wani ya ce zai sa mini sifesa da araha, wani kuma ya ce sai cikakken saiti. Wanne zan ɗauka?

Ɗan'uwa, kafin ka kashe ko riyal ɗaya, gaya mini, iskar tayarka nawa ce idan ka bar kwalta? Yawancin motocin da ke kafewa a Thumama da iskar titi suke shiga, wajen PSI 32 zuwa 35 a ma'aunin iska. Ka sauke ta zuwa 15 ko 18, taya za ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Ma'aunin iska da kwamfaresa ƙarama su ne sayayyarka ta farko, don ka mayar da iskar kafin ka hau titi. Gudu a kwalta da taya mai ƙarancin iska yana dafa ta har ta fashe.

Idan ka yi haka kuma har yanzu cikin yana gogawa, to a ɗaga, amma inci 2, wato kusan milimita 50. Inci 4 ba na Prado mai ɗaukar yara ba ne. Ƙafafun gaban Prado kowacce zaman kanta take yi, haka ma Hilux da Land Cruiser 200. Ƙarfin inji yana isa tayar gaba ta wasu sanduna masu gaɓa, waɗanda makanikai a nan ke kira ukus. Duk yadda ka ɗaga motar, haka sandunan suke ƙara karkacewa. A inci 2 suna jurewa. Ka wuce nan, robar da ke rufe gaɓar za ta fara tsagewa, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas idan ka karya kan mota. Sannan dole a canza hannuwan sama na ƙafar gaba, in ba haka ba alaimen ba zai zauna ba, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne kifewa. Mota mai tsawo nauyinta yana sama, ga kuma kaya a rufi, tanti da itace da jarkokin ruwa. A gefen tudu, idan tayar ƙasa ta nutse a yashi mai laushi, ba a samun lokacin gyara. Haka ma a babban titi in raƙumi ya fito ka kauce da sauri. Da yaranka a baya, wannan kaɗai ya isa ya sa ka tsaya a inci 2.

Sifesa kuwa zobe ne na ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗorawa a kan sifirin. Yana ɗaga mota, amma sifirin da shokazoba na da ne suke nan, kuma a motar hannu wataƙila sun riga sun gaji. Ka samu tsawo, ba ka samu tafiya mai kyau ba. Ni dai shawarata cikakken saiti, sifirin da shokazoba da aka ƙera su yi aiki tare. Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4 na Ostareliya ne, Bilstein na Jamus, duk sanannu ne. Shokazoban Fox da King na Amurka, masu ɗan tankin mansu a gefe, suna da kyau ƙwarai ga mai gudu a sahara, sai dai tsada, kuma suna buƙatar a riƙa buɗe su ana sabunta su. Fitar Juma'a ba ta kai nan ba. Ka kuma duba ko Pradonka tana da KDSS, wato tsarin Toyota mai aiki da mai da ke rage karkatar mota a kwana. Idan tana da shi, kada ka ba wanda bai taɓa aikinsa ba, don motar takan fito a karkace.

Tambaya daga wajen Hafar al-Batin: Ina tuƙa Shas ta maigidana, ina kai wa raƙuma ruwa da abinci. Bayan motar ya zauna, kuma a hanya mai gargada sai ta riƙa tsalle bayan tafiyar rabin awa. Maigida ya ce in nemo abin da za a sa.

Alhaji, matsalarka ta nauyi ce, tsawo zai biyo baya da kansa. Shas, wato Land Cruiser 79, sifirin ɗin gabanta na nadi ne, na baya kuma faranti ne da aka jera. Farantan sun miƙe saboda kaya. Ka durƙusa ka dube su: idan ba su da lanƙwasa, ko ka ga robar tsayawa ta yi sheƙi saboda dukan aksil, sun gama aiki.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 500 rabin tan ke nan, ban da buhunan sha'ir. Masu ƙera sifirin suna rubuta nauyin da kowanne ke ɗauka kullum, wani na mota babu kaya, wani na ƙarin kilo ɗari biyu, wani na ɗari huɗu ko fiye. Ka faɗa wa mai shago nauyin da motar ke kwana da shi, kada ka ce masa kawai a ba ka mai ƙarfi. Sifirin da ya fi ƙarfin kayanka zai sa motar ta riƙa dukan bayanka duk ranar da ka dawo babu kaya. Kuma ka gaya wa maigida cewa sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa birki ko aksil ƙarfi. Iyakar nauyin da Toyota ta rubuta tana nan yadda take.

Tsallen da kake ji bayan rabin awa shokazoba ce ta yi zafi. Man cikinta yana kumfa, sai ta daina riƙewa. Ka nemi mai faɗin jiki, mai ɗaukar mai da yawa. A aikinka, nan ne kuɗi ya cancanci tafiya.

Ranar sawa ka tsaya a wurin. A auna tsawon motar daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu, kafin aiki da bayansa. A sa sababbin kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, kada a mayar da tsofaffi. Kusoshin bushin kuma, wato robobin mahaɗar ƙafafun mota, ba a ɗaure su tam sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. In an ɗaure su tana rataye, robar takan murɗe ta yage da wuri. Tana rataye ɗin, ka taɓa tiyon birki da hannunka. Idan ya miƙe kamar tsirkiya, a canza shi da mai tsawo. Daga nan sai alaimen, a gyara saitin fitilun gaba, bayan kamar kilomita 500 a koma a sake ɗaure komai.

Wani abu da mutane ke mantawa: ɗaga Shas ba ya ɗaga tulun aksil daga ƙasa. Babbar taya ce kaɗai ke yin haka, ita kuma tana ƙara shan mai, tana tsawaita birki, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da kake yi.

Tambaya daga Jidda: Hilux ɗina sabuwa ce. In na ɗaga ta, zan samu matsala a fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma?

Za ka iya samu. A dokar hanya ta Saudiyya, sauya fasalin mota ba tare da bin ƙa'ida ba laifi ne da Murur, wato 'yan sandan hanya, ke cin tara a kansa, kuma sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, yana rataye da fahas. Ka tambayi Murur kafin a kwance noti ɗaya, ka tambayi wakilin da ya sayar maka me zai faɗi daga garanti, ka kuma sanar da kamfanin inshora. Tsofaffin sifirin da shokazoba ka ajiye su a gida, kada ka bar wa mai gareji, don in ta kama a mayar da motar yadda take, suna hannunka.