Ƙanena, kar ka jira ka gama WAEC kafin ka zauna SAT

Assalamu alaikum ƙanena, ya gida, ya su Umma, ya zafin Kano? Na ga saƙonka tun ranar Talata, aiki ne ya sha min kai, ga kuma bambancin lokaci, sanda kake turo saƙo da safe mu nan ko assalatu ba a yi ba. Ka ce kana SS2 zango na biyu kuma ranka na kan karatu a Amurka, wai wani malaminku ya ce ka ajiye maganar SAT, wato jarabawar neman shiga jami'o'in Amurka, sai ka gama WAEC da NECO hankalinka ya kwanta, abokinka kuma ya ce ka yi rijista yanzun nan ka zauna ta wata mai zuwa, shine kake tambaya ta wa zaka bi. Toh ni dai a cikin biyun nan babu wadda zan ce ka ɗauka, amma ta malam ta fi haɗari, kuma ita na bi a zamanina har ta cinye min shekara guda cur.

Ba laifin malam ba ne fa. Shi da lissafin gida yake auna abin, a wajenmu sai ka yi JAMB, ka gama sakandare, sakamako ya fito, sannan ka fara bibiyar admishan a BUK ko ABU. Su mutanen nan ba haka suke ba. Jami'o'insu a ƙarshen Agusta suke buɗewa, kuma wanda zai shiga aji a Agustan nan tun shekarar da ta gabata ya tura takardunsa. Shafin Common App, wanda makarantu da yawa suke karɓar takarda ta cikinsa, ranar 1 ga Agusta yake buɗewa. Akwai zagayen 'yan sammako da yawanci ake rufewa 1 ga Nuwamba, sai babban zagaye da ake rufewa a farkon Janairu, wasu 1 ga wata wasu har zuwa 15. Amsa tana fitowa wajen ƙarshen Maris, kai kuma ka faɗa musu ka karɓa ko a'a kafin 1 ga Mayu. Kaga kenan duk wannan hidimar kana SS3 za a yi ta, ko fensirin WAEC ba ka fiƙe ba. Da sakamakonka na zango-zango suke auna ka, tun daga SS1 wasu ma har da JSS3, da wasiƙun malamai, da rubutun da zaka yi a kan kanka, WAEC ɗin daga baya ka aika musu in ta fito.

Saboda haka daga ranar rufewa zaka fara ƙirge kana komowa baya. In kana son ka shiga da 'yan Nuwamba, jarabawar Oktoba ce ta ƙarshe da zaka dogara da ita hankali kwance, tunda sakamako yana ɗaukar kamar sati biyu kafin ya fito. In na Janairu ne, ta Disamba ce ƙarshe. Kuma ba a son mutum ya zauna sau ɗaya tak ranar da babu sauran dama, don haka zama biyu zaka tsara. Na farko a Agusta cikin dogon hutun da zaka shiga SS3, na biyu a Oktoba. Disamba ka bar ta a aljihu ko da wani abu zai gitta, zazzaɓi ko rasuwa ko hanya ta ƙi.

Me ya sa ban ce Maris ko Mayu ko Yuni ba alhali duk ana yin ta a watannin nan? Don na san Kano mana. Maris zuwa Mayu zafi ne mai narka ƙwaƙwalwa, wuta kuma sai a hankali, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai nan, ta Maris ɗin 2025 ma cikin azumi aka yi ta. Ba wai mai azumi ba zai iya jarabawa ba, mun yi ta yi, amma wadda aka biya da dala ba ita ake gwaji da ita ba. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, ka ɗauko kalanda ka duba da kanka kafin ka zaɓi rana. In kuma makarantar gwamnati kake ai ga kwalifayin a gabanka a SS2 ɗin nan, kar ka yi wasa da ita don wata SAT. Ta Yuni kam in ka ga ka shirya da wuri ba laifi, tana iya zama zamanka na farko. Amma Mayu da Yunin SS3 ka cire su a lissafi kwata-kwata, JAMB a Afrilu, WAEC Mayu zuwa Yuni, NECO ta biyo baya har Yuli, taura biyu ma ba ta taunuwa balle huɗu.

Shi kuma abokin naka da yake cewa ka faɗa wata mai zuwa, ka tambaye shi ko shi zai biya. Zama ɗaya ga mai yin ta a wajen Amurka ya haura dala 100, ka juya ta zuwa naira a kasuwar canji ta Wapa ka ga yadda fuskar Baba zata koma, kuma rangwamen da College Board, masu shirya jarabawar, suke yi wa marasa hali na 'yan ƙasarsu ne, mu ba ma ciki. Babu dalilin da zaka biya wannan kuɗin don kawai ka ga yadda jarabawar take, tunda kyauta zaka iya gani. Ka sauke manhajar Bluebook, a cikinta ake yin jarabawar ta gaske, tana da cikakkun jarabawoyin gwaji. Ka samu ranar Asabar da safe ka kulle ɗaki, ka ce kar a aike ka ko'ina, ka yi guda ɗaya daga farko har ƙarshe da agogo. Makin da ka samu shine zai gaya maka wata nawa kake buƙata, ba ni ba, ba malam ba. Daga nan sai shafin koyarwa na Khan Academy, shi ma kyauta ne in ka cire kuɗin data.

Ni da takarda da fensir na yi tawa, awa uku muna zaune. Ku kun huta, tun Maris 2023 aka mayar da ta wajen Amurka kan kwamfuta, yanzu awa 2 da minti 14 ce. Turanci tambaya 54 a minti 64, lissafi tambaya 44 a minti 70, kowane ɓangare maki 800 ne, duka 1600. Kowane ɓangare an raba shi gida biyu, kuma yadda ka yi a rabin farko shi zai sa a ba ka rabi na biyu mai wuya ko mai sauƙi, mai wuyar nan kuwa shi kake so don ta nan babban maki yake. Ba a zaftare maki in ka kuskure, don haka kar ka bar tambaya fayau. Kalkuleta tana cikin manhajar, Desmos sunanta, ka koye ta sosai tana zana maka giraf cikin ƙiftawar ido.

Lissafin ba zai ba ka tsoro ba in kana bin darasi, zuwa ƙarshen SS2 kun taɓa mafi yawansa, aljabra ce ta fi yawa sai ɗan jometiri. Turancin ne yake kada mu wallahi. Ni na ɗauka na iya turanci don ina cin na makaranta, ashe karatu da sauri wani abu ne daban, ɗan sakin layi za a ba ka a kan tsuntsaye ko wani tsohon marubuci ko binciken kimiyya, tambaya ɗaya a kai, kana da minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ka karanta ka fahimta ka zaɓa, kuma amsoshi biyu sai su yi kama kamar Hassan da Hussaini. Wannan ba a haddace shi a sati biyu kamar fas kwascin na JAMB. Wata uku zuwa huɗu yake so, kullum ko minti 40 ne bayan ka dawo daga Islamiyya, ka karanta wani abu mai nauyi da turanci. Shi ya sa nake cewa ka fara shiri yanzu amma ka zauna a Agusta. Ka leƙa American Corner da ke laburaren Murtala Muhammad, ka kuma bi shafin EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, shawararsu kyauta ce, kar wani ejan ya karɓi kuɗinka a kan abin da zaka iya da wayarka.

Bari in ba ka nawa labarin ka ji inda na yi tuntuɓe. Na gama NECO na yi ta hutawa, ina zaman majalisa a unguwa, sai wajen Oktoba na farga. Na zo rijista katin banki ya ƙi biyan dala, na yi ta zarya har sai da wani ɗan uwa mai asusun dala ya taimaka, kafin nan ranar rufe rijistar Nuwamba ta wuce. Na koma ta Disamba, kujerun da suka fi min kusa duk sun cike, sai Abuja. Ranar Juma'a bayan masallaci na hau mota a Unguwa Uku, muka bi ta Zariya da Kaduna, ban isa ba sai dare ya raba, na kwana a falon wani abokin Baba sauro na ta kiɗa, da safe na shiga jarabawa ido jajur. Makin da na samu bai kai na gwajin da nake yi a gida ba ko kusa, kuma babu sauran zama a gaba. Makarantu biyu sun ɗauke ni amma tallafin da suka bayar ko rabin kuɗin bai kai ba, dole na haƙura na sake zagayowa wata shekarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a tasha na tsaya fafe nawa.

Don haka ranar da aka buɗe rijista ka yi, kar ka dubi cewa sai saura kamar sati biyu ake rufewa, kujera ce take ƙarewa ba lokaci ba. In tafiya ta kama ka, ka tafi tun Alhamis ka kwana biyu. Fasfo kuma ka fara nemansa tun yanzu, shine shaidar da ba a musu da ita a bakin ƙofa, kuma sunan da ke jikinsa shi zaka rubuta a rijista harafi da harafi. Mu da muke da Muhammad a NIN, Mohammed a makaranta, Muhd a takardar haihuwa, wannan abin ba ƙaramin ciwon kai ba ne, ka daidaita su tun kafin a yi muku rijistar WAEC. Laftof ma in babu a gida ana iya neman aro daga College Board, amma sai ka nema aƙalla kwana 30 kafin ranar jarabawa. Ni dai na fi son ka ari ta wani yaya ka saba da ita, ka tabbata batirinta yana riƙe caji.

Zaka ji ana cewa ai yanzu makarantu sun daina neman SAT. Gaskiya ne tun korona a 2020 da yawa sun ce in ka ga dama ka turo in ba ka ga dama ba shikenan, jami'o'in gwamnatin Kalifoniya ma ba sa dubawa sam. Amma jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024, kuma irin waɗannan su ne masu iya ɗaukar nauyin ɗan talaka gaba ɗaya. Yawancin waɗanda suke ɗauka makinsu 1500 ne zuwa sama. Ka kuma tuna mai karanta takardarka bai taɓa jin sunan makarantarku ba, bai san ko A ɗinku mai tsada ce ko mai araha ba, makin nan shine ma'aunin da ya sani. Ni a ganina ɗan Kano mai neman tallafi bai kamata ya tsallake ta ba. Amfanin zama biyun kuma, makarantu da yawa suna ɗaukar turancin da ka fi ci a wannan zama su haɗa da lissafin da ka fi ci a wancan. Sau uku ya isa haka nan, bayan nan kuɗin Baba kawai kake ƙonawa.

Guda ɗaya ka kiyaye a zagayen sammako, akwai wanda suke kira Early Decision, shi alƙawari ne, in sun ɗauke ka sai ka janye daga sauran ka je wajensu. Mai neman inda tallafi ya fi tsoka ya karanta sharaɗin da kyau kafin ya sa hannu.

Maganar biza kuma ba zan ɓoye maka ba, ta yi tsauri a kan 'yan Najeriya tun 2025 kuma dokokin sai sauyawa suke, ka riƙa duba shafin ofishin jakadancinsu kafin a kashe ko sisi. Makin SAT ba a Amurka kaɗai yake aiki ba, akwai NYU a Abu Dhabi, akwai rassan Carnegie Mellon da Georgetown a Katar, da jami'o'in Turkiyya irin su Bilkent da Koç, ka sa su a lissafi. JAMB kuma ka yi ta da gaske kamar babu wata hanya sai ita, kar ka yi irin ta yaran da suke raina ta don sun sa rai da jirgi. In kuma aka kai SS3 ka ga abin ya cunkushe maka, ka bar shi ka gama WAEC lafiya, ka zauna Agusta da Oktoba bayanta, ka nema da sakamakonka a hannu. Shekara ɗaya zaka ƙara a gida, amma ka san da ita tun farko, ba irin tawa da ta faɗo min a ka ba.

Yanzu dai Asabar ɗin nan ka yi gwajin Bluebook ɗin, ka ɗauki hoton makin ka turo min ko nawa ne kar ka ji kunya, nawa na farko in na faɗa maka sai ka yi dariya. Ka gaishe min da Umma, ka ce mata in an samu mai tahowa a aiko min da yaji da kuka, banda kilishi, nama ba ya wuce filin jirginsu.