Kai wasan kwaikwayo ƙauye ba tare da zaure ba

Malam, ka tambayi yadda ƙaramar ƙungiyarku za ta kai wasan kwaikwayo ƙauyukan Jigawa alhali ba ku da zaure, ba ku da kuɗi. Ni dai a ganina, ku manta da zaure. Ku fara zuwa gaida mai unguwa da liman, su ba ku dandali ko filin firamare bayan La'asar. Tabarmi da lasifika ɗaya mai batir sun isa. Kada ku sa kuɗin shiga, a zagaya da faranti kawai. Don Allah ku ware wa mata gefensu, in ba haka ba daga soro za su riƙa leƙe. Ku jira bayan girbi, da damina kowa na gona. A yankin Maigatari kuma ku kauce wa Alhamis, ranar kasuwa ce.