Tambayoyin Masu Karatu: Tseren Miƙa Sanda da Burin Ɗan Tsere a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Kaduna ne, ina shekara ta biyu a wata jami'a ta Amurka da ta ba ni tallafin karatu saboda gudun mita 400. Tun shigowar kakar bana kocinmu yake saka ni a tseren miƙa sanda har guda biyu, na mita 100 sau huɗu da na mita 400 sau huɗu, ƙari a kan tserena na kaina, kusan kowane mako. Burina shi ne in rage lokacina har a kira ni tawagar Najeriya, amma ƙafafuna sun fara yin nauyi, tsokar bayan cinyata ta dama kuma tana ɗaurewa. Makon jiya na roƙi a cire ni daga tseren ƙarshe ana saura minti 20 a fara, aka cire ni, amma tun ranar abokan guduna uku ba su sake sakar mini fuska ba. Shin na yi son kai ne, ko ina da haƙƙin kare burina?

*Ɗalibi daga Kaduna, mazaunin Amurka*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kana da haƙƙin kare jikinka da burinka, amma ka zaɓi mummunan lokaci na neman wannan haƙƙi, kuma ina ganin lokacin ne ya ɓata wa abokanka rai fiye da janyewar kanta. Ka duba halin da ka bar su: mutum uku sun ɗumama jiki, sun ɗaure takalma, kowa ya san daga hannun wa zai karɓi sanda da hannun wa zai saka ta, sai kwatsam aka ce an kawo wani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da tun ranar Litinin ka sami koci da mai kula da lafiyar 'yan wasa ka gaya musu halin da cinyarka take ciki, da sun shirya madadinka cikin natsuwa, babu wanda zai ga laifinka.

Ya kamata ka fahimci lissafin da ke kan kocinka, domin sai ka san shi za ka iya yi masa magana ya saurare ka. A gasar ƙarshe ta hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, mutum takwas na farko ne suke samun maki: na ɗaya 10, na biyu 8, na uku 6, sai 5, 4, 3, 2 da 1. Tseren miƙa sanda ma haka ake ba shi maki, daidai da tseren mutum ɗaya, kuma jimillar makin ce take nuna jami'ar da ta ɗauki kofi. A baya, shekaru da dama ƙa'ida ta taƙaita wa manyan jami'o'i tallafin karatu a wannan fanni zuwa kwatankwacin gurbi 12.6 ga maza da 18 ga mata, ana gutsuttsura shi ga 'yan wasa masu yawa. Saboda haka duk kocin da ya ware wa ɗan gudun mita 400 kaso daga wannan ɗan abin, ya yi ne yana ƙirga shi a wuri biyu ko uku. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma tseren miƙa sanda yana cikin askin da ka karɓi ladansa tun ranar da ka sa hannu a takarda.

Bari in ba ka labarin da nake so kowane ɗan tseren jami'a ya sani. A watan Yuni na 2018, a filin Hayward da ke Eugene a jihar Oregon, an zo tseren ƙarshe na gasar mata, wato mita 400 sau huɗu, Jami'ar Jojiya tana da maki 52, Stanford tana da 51, Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuma tana da 43. Babu abin da zai ba Kudancin Kalifoniya kofi sai zuwa na ɗaya, domin ko na biyu ta zo, 51 za ta tsaya. Mai gudun ƙarshe a tawagar, Kendall Ellis, ta riga ta yi tserenta na mita 400 a wannan rana, ta zo ta biyu, ba ta sami abin da ta je nema wa kanta ba. Wurin miƙa mata sanda aka yi tuntuɓe har sandar ta kusa suɓucewa, ta tashi tana baya da tazara mai yawa a kan fili jiƙaƙƙe da ruwan sama. A miƙaƙƙen layin ƙarshe ta riƙa cin tazarar taku bayan taku, har ta cim ma 'yar Jami'ar Purdue a bakin layi. Lokacinsu minti 3 da sakan 27.06, na Purdue kuma 27.13, jami'arta ta ɗauki kofi da maki 53, ratar maki ɗaya tak. Yau idan aka ambaci sunanta, wannan zagaye ɗaya da ta yi da gajiyayyun ƙafafu saboda abokanta shi ne abin da mutane suka fi tunawa.

Kada kuma ka ɗauka cewa aikin tawaga yana cinye burin mutum ko da yaushe. Kwana ɗaya kafin tseren Ellis, a wannan fili, Michael Norman ya lashe mita 400 a sakan 43.61, Rai Benjamin ya lashe mita 400 mai tsallake shinge a sakan 47.02, sannan su biyun suka dawo suka yi wa jami'arsu ta Kudancin Kalifoniya tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu a minti 2 da sakan 59.00, wanda ya zama sabon tarihin jami'o'i a lokacin. Bayan shekara uku su biyun suna cikin tawagar Amurka da ta ci zinare a wannan tsere a gasar Olamfik ta Tokiyo.

A nan akwai wani abu da nake so ka lura da shi sosai, domin shi ne mabuɗin matsalarka. A jadawalin irin waɗannan gasanni, tseren mita 400 sau huɗu shi ne yake rufe taro, na mita 100 sau huɗu kuma yana cikin waɗanda suke buɗe shi. Ma'ana, wanda ka guje wa makon jiya ba shi da abin da zai rage wa tserenka na wannan rana, tunda ka riga ka gama shi, hasali ma gudu ne irin naka da yake koya maka jure gajiyar mita 100 ta ƙarshe da bin bayan mutum har ka wuce shi. Wanda ya fi cancanta ka tattauna a kansa shi ne na mita 100 sau huɗu, domin yana zuwa kafin tserenka, yana buƙatar matsanancin sauri daga tashi, kuma irin wannan sauri ne ya fi tsinka tsokar bayan cinya idan ta riga ta gaji. Shawarata ita ce ka nemi zama da kocinka a ofis, ba a bakin fili ba, ku baje jadawalin kakar gaba ɗaya. Ka ce masa a gasar rukunin jami'o'inku da gasar share fage ta yanki da gasar ƙasa, duk inda ya saka ka za ka shiga ba tare da musu ba, amma kana roƙon a ƙananan gasannin tsakiyar kaka a riƙa hutar da kai daga ɗaya cikin biyun. Ka tuna masa cewa kakarka ba ta ƙarewa a watan Yuni kamar ta wasu abokanka, tunda gasar zaɓen 'yan wasan Najeriya galibi tana biyo baya. Koci mai hankali ya fi son ya same ka lafiyayye a watan Mayu da Yuni a kan ya ƙarar da kai a watan Afrilu.

Game da burin saka rigar Najeriya, gaskiya ne cewa lokacin da aka ɗauka maka a cikin tseren miƙa sanda ba a karɓarsa a matsayin lokacin cancanta, domin wanda ya karɓi sanda yana cikin gudu ya fi wanda ya tashi daga tsaye riba. Amma ka sani cewa fiye da rabin lambobin da Najeriya ta ci a guje-guje da tsalle-tsalle a Olamfik daga tseren miƙa sanda suka fito, tun daga tagullar 1984 har zuwa zinaren mita 400 sau huɗu na Sidni a 2000, wanda Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong suka gudu. Azurfa suka karɓa a fili, sai a 2012 aka mayar musu da ita zinare bayan an ƙwace ta daga Amurka saboda ɗaya daga cikin 'yan tawagarta ya amsa shan ƙwayoyin ƙara kuzari, Bada kuwa ya rasu a ƙarshen 2011 bai ga wannan rana ba. Ga ɗan gudun mita 400 daga ƙasarmu, ƙofar da ta fi faɗi zuwa tawagar ƙasa ita ce wannan tsere da kake ganin yana tare maka hanya.

Batun cinya kuwa ba na wasa ba ne. Ka je a duba ta gobe da safe, kuma idan aka ce ka huta, ka huta ko da kofi ne a gaba. Kafin nan ka tara abokanka ukun, ka ba su haƙuri a kan yadda ka sanar da su a ƙurarren lokaci, ka gaya musu abin da yake damun ƙafarka.

Tambaya: Malam, ƙanwata tana gudun mita 100 a jami'arsu. Sanda ta faɗi tsakaninta da abokiyarta a wata gasa, aka ɗora mata laifi, yanzu ta ce ta bar tseren miƙa sanda, za ta tsaya ga nata kawai. Me zan ce mata?

*Wata yaya daga Zariya*

Amsa: 'Yata, ki gaya mata cewa a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, tawagar Amurka ta maza da ta mata duk sun yar da sanda a zagayen share fage na mita 100 sau huɗu, kuma a cikinsu akwai zakarun duniya. A Riyo kuma a 2016, Japan ta ci azurfa a sakan 37.60 da mutum huɗu waɗanda a lokacin babu ko ɗaya da ya taɓa gudun mita 100 ƙasa da sakan 10, albarkacin ƙwarewa wurin miƙawa kawai. Miƙa sanda aikin mutum biyu ne a cikin yanki mai tsawon mita 30. Mai karɓa yana manna alama a ƙasa, yana tashi da zarar abokinsa ya taka ta, ba ya waiwaye, yana miƙa hannu baya ya tsayar da shi cak idan ya ji kira. Mai bayarwa kuma ba ya sakin sanda sai ya ji an riƙe ta. Idan ƙanwarki ta roƙi koci su kalli bidiyon tseren tare da abokiyarta a hankali, za su ga ko tashi aka yi da wuri, ko hannu ne ya motsa, ko sakin ne ya riga riƙon, sannan su gyara tazarar alamar su maimaita miƙawar cikin cikakken gudu kafin gasa ta gaba. Tashin da mai karɓar sanda yake yi yana ƙara wa ɗan mita 100 kaifin farawa, don haka ko don tserenta na kanta, ina ba ta shawarar ta koma atisaye tare da su a wannan mako.