Huce ko Sanyaya? Tambayoyinku Kan Lagireton Kwamfuta

Tambayar farko ta wannan mako daga wani matashi ce mai gyaran kwamfuta kusa da kasuwar Dole, nan Damagaram. Ya ce: "Malam, Allah ya ƙara basira. An kawo mini kwamfuta irin ta masu haɗa bidiyo, wadda ruwa ke yawo a cikinta. Ni radiyatar na sani, abokina da ya koyi aiki a Kano yana cewa lagireto. Wanne ne Hausa? Kuma in zan yi wa mai kaya bayani, in ce abin yana sanyaya injin?"

Ɗana, duka biyun baƙi ne da suka samu masauki. Radiyatar ta zo mana ta Faransanci, lagireto ta biyo Ingilishi ta garejin makanikai. Lagireto ta sha tauna a baki har kamanninta suka sauya, kuma harshenmu ya saba haka: likita da lamba ma ba da "l" suka fara ba a gidansu na asali. Sauran kayan aikin naka ma matafiya ne. Tiyo daga Faransanci yake, famfo daga Ingilishi, fanka kuwa tun daga Indiya ta taso, Turawan Ingila suka rako ta. Faɗi wadda mai kaya zai gane, ba za ka yi laifi ba.

Inda nake so ka tsaya shi ne kan "sanyaya". Bahaushe ya raba sanyi da hucewa, kuma rabon nan shi ne dukan ilimin abin da ke gabanka. Randa tana sanyaya ruwa: danshi yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, sai ruwan ya fi ɗakin sanyi. Shayi kuwa hucewa yake yi. Mai shayi ya ɗaga kofi ya tsiyaya a wani, iska ta ratsa, zafin ya ragu, amma hucewa saukowa ce zuwa zafin iskar wurin, ba fin ta sanyi ba. Lagireto dangin shayi ne, ba dangin randa ba. A rufe yake ruf. Ruwa ya ɗebo zafi daga farantin jan ƙarfe da ke manne kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan guntun da ke yi mata lissafi, famfo ya tura shi ta tiyo zuwa siraran hanyoyin lagireto, fanka ta busa, ya huce, ya koma. An zaɓi ruwa ne don ya fi iska iya dako: kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki 4 na abin da kilo ɗaya na iska zai ɗauka kafin ya hau digiri ɗaya. To a watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, ko ka sa lagireto mai milimita 360 da fanka uku, ruwan ba zai sauka ƙasa da zafin shagonka ba. Ka ce wa mai kaya ruwan yana hucewa. In ka ce masa sanyaya, gobe zai taɓa tiyo ya ji ɗumi ya dawo maka da faɗa.

Ta biyu daga wata ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou. Ta ce yayanta ya ga an ɗaura lagireto a gaban akwatin kwamfutarsu, sai ya yi dariya ya ce "haushin kaza huce kan dami", ita kuwa ba ta ga abin da ya haɗa kaza da kwamfuta ba.

Ƴata, yayanki ya iya magana. Ana faɗin wannan karin ga wanda aka ɓata wa rai a wani wuri, ya rasa yadda zai yi da mai laifin, ya zo ya sauke fushinsa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Lura da cewa "huce" ɗin nan dai ita ce ta shayi: zuciya ma zafi take ɗauka, kuma zafi ba ya ɓacewa, wani wurin yake komawa. In lagireto yana gaba, fankokinsa na jawo iska daga waje, shi ya samu iska mai daɗi, ƙwaƙwalwa ta ji sauƙi. Amma iskar da ta ratsa shi ta riga ta ɗauki ɗumi, kuma cikin akwati take shiga, inda katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hotuna da bidiyo, yake jira ya shaƙa. Katin hoto shi ne damin. In kuma aka mai da lagireto sama, yana fitar da iska waje, sai abin ya juya: hucin katin ne zai bi ta cikinsa, ƙwaƙwalwa ta ɗan ƙara zafi. Huci, wato numfashi mai zafi irin na wanda ya yi gudu ko na bakin murhu, ita ce kalmar da ta dace da iskar da ke fita bayan akwati.

Ni a ganina sama ya fi ga mai wasanni ko haɗa bidiyo, domin a irin wannan aiki katin hoto yakan fi kowa fitar da zafi, kuma shi ya fi tsada. Sai dai a auna tukuna. Lagireto mai milimita 240 ko 280 tare da kaurin fankokinsa yakan tokare wasu kayan da ke tsaye kan babban allon da ke cikin akwati in rufin akwati gajere ne.

Wani kuma daga unguwar Birni ya rubuto cewa kwamfutarsa tana ƙara ɓul-ɓul kamar ana cika tulu a rijiya. Mai gyara ya ce masa iska ce ta shiga, shi kuwa gabansa ya faɗi.

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Kalmar iska tana da nauyi a Hausa: ita ce wadda muke shaƙa, ita ce ta ɗan iska, jam'inta kuma iskoki ya kai mu gidan bori. Kwantar da hankalinka, malam, ba sai an kira mai ruƙiyya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. A cikin kowane irin wannan lagireto akwai ɗan kumfan iska da ya rage, yana kuma ƙaruwa da shekaru yayin da ruwan ke raguwa kaɗan-kaɗan. Kumfa kullum sama yake nema. In famfo, wanda galibi yake zaune kan ƙwaƙwalwar, shi ne ya fi komai tudu, can iskar za ta taru, ya riƙa juyi a bushe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji magabata. Suna nufin sai kana da ɗan abin hannu kake iya neman wani, amma ga famfo maganar a zahirinta take, don ruwan ne ke sa shi tura ruwa, shi ne kuma man da ke tausasa juyinsa. Saboda haka kada a shimfiɗa lagireto a ƙasan akwati. In a gaba yake a tsaye, kansa ya ɗara famfo tsawo, kuma in tiyo ya kai, bakinsa ya kasance ta ƙasa, don kumfa ya kwanta can sama inda ba ya damun kowa.

Ta ƙarshe gajera ce. An tambaye ni ko "daidai ruwa daidai tsaki" ya dace da yawan fanka mai shigar da iska cikin akwati da mai fitar da ita. Tsaki dai ɓarzajjen hatsi ne, karin kuma yana nufin a yi abu gwargwado. A ƙasar da ba ƙura ya dace. A nan, inda hunturu ke rufe gari da hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, gara masu shigarwa su ɗan rinjaya, kuma a sa musu raga. In masu fitarwa suka fi ƙarfi, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa marar raga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙura ta toshe haƙoran lagireto, wato siraran ƙarafan da iska ke bi tsakaninsu. Yawancin fankoki suna da ƴar kibiya a gefe mai nuna inda iska ta nufa. In babu, ɓangaren da sandunan riƙe injin fankar suke nan take fita. Ranar da za a busa ƙurar, a kashe wuta, a danne fukafukan da yatsa kada su yi ta juyi.