Tambaya da Amsa: Aikin Ƙafar Baba

Tambaya: Malam, an yi wa mahaifina aiki a ƙafa a wani asibitin kuɗi, kuma mai ciwon sukari ne. Suka sallame shi ba su auna sukarin ba. Wurin ya ruɓe yana wari, har sai da aka yanke masa yatsu biyu a Katsina. Ina za mu kai kukanmu? Daga 'yarsa, Daura.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ku fara neman kwafin fayil ɗinsa, ku adana rasit da hotunan ƙafar. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, da ke Abuja, ita ke karɓar irin wannan ƙorafi, a takardar rantsuwa ta kotu, da sunan likitan da ya yi aikin. Kwamitin bincike zai ji ta bakinsa. In an ga alamar sakaci, sai kotun ladabtarwa, wadda ke iya gargaɗinsa, dakatar da shi ko soke sunansa daga rajista. Amma fa ba ta ba da diyya, wannan sai babbar kotu da lauya.

Ƙafar mai sukari takan ruɓe ko da likita bai yi sake ba. Don haka rashin awon nan da kika ambata, shi za ku fi riƙewa.