Tambaya da Amsa: Cire Ƙodar da Ta Daina Aiki ta Ƙananan Huji

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An ce ƙodar hagu ta mahaifiyata ta daina aiki saboda tsakuwa, kuma za a cire ta ba tare da an tsaga cikinta sosai ba. Shin hakan yana yiwuwa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Hakan yana yiwuwa, domin tun shekarar 1990 Dakta Ralph Clayman da abokan aikinsa suka fara wannan tiyata a birnin St. Louis na Amurka. Bayan an sa majiyyaci barci, likita yakan yi huji uku ko huɗu da ba su wuce faɗin yatsa ba, ya hura iskar kabon a cikin ciki don a sami sarari, sannan ya zura siririyar kyamara yana kallon komai a allo. Zai ɗaure jijiyoyin jinin ƙodar da bututun fitsarinta, ya sa ta cikin 'yar jaka, ya ɗan faɗaɗa huji ɗaya ya zaro ta. Yawanci akan sallami majiyyaci cikin kwana biyu zuwa uku, sai dai idan yawan kumburi ya manne ƙodar da kayan ciki, likita na iya komawa ga tsagawa.

Abin da na fi so ki tabbatar shi ne an gwada ƙodar dama an ga tana aiki da kyau, tunda ita kaɗai za ta ɗauki nauyin. Bayan tiyatar kuma, don Allah ki hana Mama shan diklofenak da ibuprofen da jiƙe-jiƙe ba tare da izinin likitanta ba.