Faɗa-wuta, asu da salamanda: wa ke ɗan'uwan wa?

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, an ce mu kwatanta faɗa-wuta da salamanda. Ƙawata ta ce asu da faɗa-wuta dangi ne, kuma salamanda shi ne kadangaren bakin tulu na karin magana. Haka ne?"

'Yata, ƙawarki ta dace a ɗaya, ta kuskure ɗaya.

Asu da faɗa-wuta dangi ne, ƙwari masu ƙafa shida, 'yan'uwan malam-buɗe-littafi. Bahaushe ya raɗa musu suna bisa halinsu: mai kewaya fitila da dare har ya ƙone, faɗa-wuta, wanda tsutsarsa ke huda tufafi a cikin adaka, asu. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki, tsutsar wani jinsinsu ce ke saƙa shi. Tsutsar da ta far wa masara a Najeriya a 2016 ita ma tasu ce.

Salamanda kuwa kama kawai ya yi da kadangare, amma ɗan'uwan kwaɗo ne. Fatarsa laushi da danshi gare ta, yana ma numfashi ta cikinta, don haka ba ya nisa da ruwa ko jiƙaƙƙen ganye. Babu shi kudu da Sahara. A Afirka sai Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Abin da kakanninmu ba su gani ba, ina za su buga karin magana da shi? "Kadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa" namu ne na tsakar gida, kuma ana faɗarsa ga mai ɓarnar da hukunta shi zai jawo wata asarar. Ki rubuta salamanda abinki, kada ki ce kadangaren ruwa, domin sunan zai ɓatar da mai karatu.

Batun ƙarewar waɗannan halittu daga duniya shi ya fi damuna. Binciken duniya na 2023 ya nuna uku cikin kowane jinsi biyar na salamanda na fuskantar ƙarewa. Na tafkin Xochimilco a Meziko ya kusa ɓacewa saboda gurɓatar ruwa, wata cutar fata kuma ta kusa share wani jinsinsa a ƙasar Holan. Jinsunan faɗa-wuta sun haura 150,000, kuma mafi yawansu ba a ma tantance halin da suke ciki ba tukuna.